Malam Isyaku Zai Koma Aji

Shekara ashirin da shida Malam Isyaku ya yi yana koyar da Turanci a wata firamare a Dagumawa, kuma da wuya ka sami gidan da bai ba shi ɗa ba a duk mazaɓar. In ya hau kekensa zai shiga Wudil, amsa gaisuwa kaɗai takan cinye masa hantsi. Magidanta masu gemu su sauko daga kan babur su durƙusa, mata su rusuna a gefen hanya, shi kuwa ya ɗaga hannu ɗaya yana tafe yana "lafiya, lafiya". Mutumin da ake yi wa haka safe da yamma, in aka ce masa jama'a na mutuwar sonsa, ina laifinsa in ya yarda?

Da soja suka ce za su koma bariki, aka kaɗa gangar siyasa, sai wasu 'yan gari masu zaƙin baki suka zo suka zuga shi ya fito takarar kansila. Doka ta ce ma'aikaci sai ya ajiye aiki kafin ya tsaya. Malam bai yi wata-wata ba, ya rubuta takardar ajiye aiki shafi biyu, ya miƙa alli da rajista ga hedimasta, ya ce a gaishe da yara.

Lissafinsa mai sauƙi ne, kuma a nan ya tafka kuskuren. Shi zaɓen da ya sani shi ne na ƙato bayan ƙato, wanda mutane ke yin layi a fili, ido na ganin ido. Wane tsohon ɗalibi ne zai iya wuce layin malaminsa ya je ya tsaya a na wani, malamin na kallonsa? Amma wannan karon sai aka zo da akwati da ɗan lungu da aka kare, kowa ya shiga shi kaɗai ya dangwala abinsa. An gaya wa Malam tun da wuri, ya ce ai kunya ba ta buƙatar mai kallo. Ashe tana buƙata.

Ƙuri'a goma sha bakwai ya samu. Gidansa da na ƙannensa kaɗai masu zaɓe ashirin da biyu ne, kuma kowannensu ya rantse shi ya dangwala wa. Wanda ya ci kuwa, da ƙuri'a dubu da ɗoriya, Ɗan'auta ne, dillalin shanu a kasuwar Wudil, tsohon ɗalibinsa da ya gudu daga makaranta tun yana aji huɗu.

Wata shida Malam ya yi a gida, kuma wata shidan nan matarsa Barakatu ce ta ɗanɗana kuɗarsu. Ya gyara wa mai karanta labarai a rediyo Turanci. Ya ce miyar kuka ta ci biyar cikin goma. Ya jera tukwane daga babba zuwa ƙarama, ya tambayi wanda ya sauya musu wuri. In an kaɗa ƙararrawar makaranta da safe sai ya miƙe zumbur, sannan ya tuna, ya koma ya zauna. Wannan ɗin kam ba abin dariya ba ne, don Malam kewar aji yake ji har cikin ƙashinsa, kuma bai iya komai ba a duniya sai koyarwa.

Ranar da ya fara yi mata bayanin yadda ya kamata a riƙe muciya, Barakatu ta ajiye ta, ta ce, "Malam, don girman Allah ka je ka roƙi aikinka. Ni na gama makaranta a hannunka."

Ya shirya ya tafi ofishin ilimi a Wudil. Akawun wurin, wani Lawan, shi ma ɗalibinsa ne a da, ya miƙe tsaye yana yi masa bayani. Gurbin nan na nan, amma ranar Litinin za a tura sabon malami. In Malam na so, ya kawo wasiƙa da Turanci, bugaggiya, ya faɗi dalilin barinsa aiki da dalilin dawowarsa, sannan kansilan mazaɓarsa ya sa hannu a ƙasa.

"Kansila?" in ji Malam.

"Kansila, ranka ya daɗe." Lawan ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

Ranar Alhamis ce. Malam ya tura kekensa zuwa bakin titi, kusa da gada, inda Saratu ke da shagon buga takardu. Ita Saratu mutuniyar Kaltungo ce, aikin mijinta ya kawo su Wudil, kuma a garin nan babu mai saurin hannunta a tafireta, babu kuma mai saurin bakinta. Abin da ya fi muhimmanci, ba ta taɓa zama a ajin Malam ba, don haka ba ta jin tsoronsa ko kaɗan.

Aka gaisa, aka tambayi maigida da yara da ruwan sama. Ta zura takarda, Malam ya gyara murya ya fara shifta. Farkon wasiƙar ya tafi sumul. Ya bar aiki ne don amsa kiran al'umma, wannan ta buga shi ba gardama. Sai aka zo layin da zai faɗi abin da ya faru bayan ya amsa kiran. 

"Baba, in sa 'I lost the election'?" in ji Saratu, yatsunta na rataye a kan maɓallai.

"Kul! Abin da ke hannunka shi kake 'lost'. Akuya, makulli, hula. Yaushe na taɓa riƙe kujerar da har za a ce ta ɓace mini?"

"Ai haka Turawan ke faɗa."

"Turawan ba su san Dagumawa ba."

"To, 'I was defeated'."

Malam ya cire tabarau ya dube ta. "Kokawa muka yi? Ki rubuta a takardar gwamnati, wadda za a sa a fayil jikokina su gani, cewa Ɗan'auta ya kai bayana ƙasa? Yaron da ni na koya masa riƙon fensir?"

"Baba, ni dai abin da na ji, ya kai."

"Ba a tambaye ki abin da kika ji ba."

Saratu ta jingina da kujera, ta ɗauki mafici. Wata mata da ta zo buga takardar haihuwa ta gyara zama a benci, don ta ga alamar yau akwai kallo kyauta.

Malam ya yi ta kai da komo a ɗan shagon, hannu a baya. Can ya tsaya, fuskarsa ta washe. "Rubuta 'I narrowly missed'. Wato da ƙyar ta kuɓuce mini."

"Da ƙyar?" Saratu ta ajiye maficin. "Baba, wannan ai ta wanda ya iso tasha mota na tashi ce, har yana jin warin hayaƙinta. Kai kuwa taka motar ta kai Azare kafin ka sa takalmi. Ni ba na buga ƙarya, gobe a ce tafiretar Saratu ce."

Matar da ke benci ta toshe baki da gefen mayafi. Malam ya yi kamar bai gani ba.

"Saura guda ɗaya," in ji Saratu. "Gajeriya ce ma, ba za ta ci wuri ba. 'I failed'."

"Wannan ta yara ce," in ji Malam a taƙaice, kuma yadda ya faɗa ya sa ko Saratu ba ta ƙara ba.

Takarda huɗu aka lalata kafin azahar. Daga ƙarshe Malam ya zaƙulo wata jimla daga can ƙasan tukunyar Turancinsa: "The outcome was not favourable." Ya maimaita ta sau biyu yana jin daɗinta a baki. Babu wanda ya kayar da wani a cikinta, babu wanda ya faɗi, babu ma sunan zaɓe.

"Kamar dai damina ce ba ta yi kyau ba," in ji Saratu tana bugawa.

"Yawwa, kin fara ganewa."

Ta zare takardar ta miƙa masa. "Allah ya sa Onarabul ya gane shi ma."

Wannan addu'ar ce ta tsaya masa a rai har washegari. Ya so ya aika wasiƙar gidan Ɗan'auta, amma aka ce Onarabul zai wuce Kano taro da yammacin Juma'a, sai Talata zai dawo. Wuri ɗaya kawai za a same shi, wato kara, inda ake cinikin shanu, don kansila ko ba kansila ba, Ɗan'auta ba ya fashin kasuwar Juma'a. Barakatu ta goge wa mijinta farar riga, ta ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ya ce ya sani, shi ya koya mata karin maganar. Ta ce a'a, wannan kam a gidan ubanta ta koya.

An yi ruwa da asuba, kara ta zama taɓo da kashin shanu. Malam ya jingine kekensa, ya tattare riga, yana tsallake kwatami yana kauce wa ƙaho. Daga nesa ya hango Ɗan'auta, ƙato baƙi mai faɗin kafaɗa, cikin sabuwar shadda ruwan ƙasa, ya buɗe bakin wani bijimi yana duba haƙora, muryarsa na tashi sama da ta kowa. "Albarka! Wallahi albarka! Ku ƙara, ko ku bar wa mai shi abinsa!"

Sai ya ɗago ido ya ga wanda ke tahowa. Muryar ta ɗauke ɗif. Ya saki bakin bijimin, ya cire hula ya mayar, sannan ya zube a cikin taɓon nan da sabuwar shaddarsa.

"Malam, barka da zuwa. Malam, ina kwana. Ina gajiya. Yaya iyali. Yaya su Inna Barakatu. Malam, da ka aiko ai da na zo."

Gaskiya Malam ya ji daɗi, har ya ɗan ƙara tsawo. Aka kai shi rumfa, aka share masa benci da hula. Dillalai biyar ko shida da ke wurin duk suka bar hayaniya, don rabinsu sun zauna a ajinsa. Wani ma da ke cin goro ya juya baya ya tofar.

Malam ya faɗi abin da ya kawo shi a gajarce, ya miƙa wasiƙar da biro. Ɗan'auta ya karɓa da hannu biyu, ya dube ta sama da ƙasa, ya juya bayanta, sannan ya ce cikin ladabi, "Malam, ka san ni da Turanci. Kuma mu a sana'ar nan, ko saniyar ubanka ce, ba ka sallamawa sai ka buɗe bakinta. Ba don ban yarda da kai ba. Ka taimaka ka fassara mini, in san abin da na sa wa hannu."

Babu yadda Malam zai ƙi. Ya sa tabarau ya fara. Kiran al'umma ya wuce lafiya, dillalai na gyaɗa kai. Da aka zo layin nan sai ya yi sauri: "Sai dai abin da ya fito bai zo daidai da yadda ake so ba."

"Wane abu, Malam?"

"Abin da ya fito."

"Daga ina?"

Ba tsokana yake yi ba, tsakani da Allah bai gane ba. Wani dattijon Bafulatani da ke jiran kuɗin sansa ya sa baki, ya ce wataƙila gona ake nufi. Wani ya ce a'a, sakamakon asibiti ne, har ya fara yi wa Malam sannu. 

"Zaɓe," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Zaɓen ake nufi."

"Au!" Ɗan'auta ya yi dariya, kunya ta kama shi. "Ni na ga layin da tsawo, shi ya rikita ni. Na zaci abin kalma biyu ne kawai. Wadda ka koya mana."

Kafin kowa ya ankara, ƙaton nan ya miƙe tsaye. Ya haɗe dugadugansa a cikin taɓo, ya mai da hannuwansa baya, ya kafe ido a kan ginshiƙin rumfa, ya rera da wata siririyar murya ta yara: "I failed, sir. I failed, sir. I failed, sir."

Rumfa ta kwashe da dariya. Dillalai biyu sun bi shi da baki ba su sani ba, har da ɗan rusunawar da ake yi a ƙarshe. Malam ma ya fara murmushi, sai murmushin ya maƙale.

Al'adarsa ce, shi ya ƙirƙiro ta, kuma yana alfahari da ita. Ranar ba da sakamako a ƙarshen kowane zango, ya kan tara makaranta duka a fili. Duk yaron da ya faɗi Turanci sai ya fito gaba, ya tsaya a haka, ya faɗi kalmomin nan sau uku da ƙarfi yadda na bayan layi zai ji. In bai ɗaga murya ba ya sake. Malam ya ɗauka magani ne, mai ɗaci amma magani. Bai taɓa ganin abin daga waje ba sai yau, a bakin mutum mai shekara talatin da biyar da furfura a gemu.

"Zango uku na faɗa," in ji Ɗan'auta yana komawa tsugune, har yanzu da sauran dariya a fuskarsa. "Na huɗun ne na ce gara in bi Baffa kasuwa. Kaf Turancin da ka koya mini ya zube, Malam, wannan kaɗai ya zauna. Ko a mafarki na kan faɗe shi."

Dariyar rumfa ta mutu da kanta. Malam ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi, kowa ya kau da kai, wani na wasa da igiya, wani na kallon ƙasa. Shekara da shekaru yana ganin wannan sunkuyar da kan yana kiranta ƙauna.

"Shi ya sa?" ya tambaya. Bai ƙarasa ba, amma an gane.

Wani siririn dillali a can gefe ne ya amsa, wanda Malam ya tuna fuskarsa amma ya manta sunansa. "Malam, ka yi haƙuri. Wallahi da layi aka yi, a bayanka zan tsaya. Amma da na shiga lungun nan na waiga, na ga ba ka kallona..." Ya kasa ƙarasawa, ya sosa ƙeya.

Abin ya yi wa Malam ciwo ƙwarai, ya fi ranar da aka sanar da ƙuri'u ciwo, don ranar yana da wanda zai zarga.

Ɗan'auta ya ɗauki biron. "Zan sa hannu, Malam. Babu mai koyar da Turanci kamarka, kowa ya sani, Lawan na ofis ma ai kai ka yi shi. Alfarma ɗaya nake roƙo." Ya rage murya. "'Yata Uwa za ta shiga aji huɗu. Kanta irin nawa ne, ba ya kamawa da wuri. Amma tana son makaranta, tun asuba take wanke allonta da kayanta. In ta faɗi, ka rubuta mata a kati, ka aiko mini, ni zan ji da ita. Kada ka fito da ita gaba."

Kansila guda, mai ƙuri'a dubu, yana tsugune a cikin kashin shanu yana roƙon wanda ya zo roƙonsa. Malam ya miƙa hannu ya karɓi wasiƙar da biron. Ya ɗora ta a gwiwa, ya ja layi a kan kyakkyawar jimlar da ta ci masa takarda huɗu, ya rubuta kalma biyu a samanta da hannunsa. Sannan ya miƙe. Ya haɗe dugadugansa, ya mai da hannuwa baya, ya nemi ginshiƙin nan da ido, ya buɗe baki.

Ɗan'auta ya yi wuf ya riƙe gefen rigarsa.

"A'a, Malam. Don Allah, don Annabi, kada ka faɗa. Na san yadda take a baki. Ka bar ta a takarda."

Malam ya dube shi, ya sauke hannuwansa. Can ya zauna a hankali, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Uwa ba za ta fito gaba ba," ya ce. "Babu wanda zai ƙara fitowa."

Ɗan'auta ya shimfiɗa wasiƙar a kan benci, ya durƙusa a gabanta, ya kama biron da dukan yatsunsa. Mutumin da ke kayar da bijimi da hannu ɗaya, sai ga shi biro na neman gagarar sa don malami na kallonsa. Harafi ɗaya bayan ɗaya ya zana sunansa, harshe a waje, layin na gangarowa ƙasa, wani harafin ya fi wani girma ninki biyu. Ya gama, ya miƙa takardar ba tare da ya ɗago kai ba, kafaɗunsa a ɗage yana jiran abin da ya saba ji.

Malam ya dubi rubutun. Gyara uku ya gani nan take, kuma duk ukun sun zo masa har bakin leɓe.

"Ya yi kyau," ya ce.

Ɗan'auta ya ɗago kai a hankali. "Na'am, Malam?"

"Na ce ya yi kyau, Ɗan'auta. Tashi, ka ɓata shaddarka."